Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Da Kwamishinan Noma Da Kiwo Na Jihar Gombe Kan Murar Tsuntsaye

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya, domin maganar da ke tafe da ni tana zaune ne a tsakanin ofisoshinku biyu, inda kowa zai iya cewa ba huruminsa ba ne. Idan kaza ta mutu, maganar ta ma'aikatar noma ce. Idan yaron da ya fige ta ya kwanta da zazzaɓi bayan kwana uku, ya zama na ma'aikatar lafiya. To wane ne zai zauna ya ce mutuwar kazar nan da kwanciyar yaron nan abu ɗaya ne? Ni tsohon malamin dabbobi ne da ya ajiye aiki, kuma a iya zaman da na yi da masu kiwo da 'yan kasuwar kaji, nan ne na ga ɓarakarmu take.

Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da nau'in H5N1 a cikinta, a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji ta jihar Kaduna. Shekara ba ta gama zagayowa ba, a watan Janairun 2007, wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji kuma ya nuna cutar ce. A watan Yulin 2008, masu bincike da ke bin kasuwannin tsuntsaye suka sami ƙwayar a jikin agwagwa a nan cikin garin Gombe, kuma wani sabon iri ne da ba a taɓa gani a ƙasar ba kafin lokacin. Aka yi shiru na wasu shekaru, har wasu suka ɗauka ta tafi ke nan, sai ga ta ta dawo a farkon 2015 ta Kano da Legas. A 2021 kuwa, Gombe da Bauchi suna cikin jihohin da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa cewa cutar ta ɓarke a gonakinsu, tare da Kano da Filato da Kaduna da Nasarawa da Neja. A wannan karon har an sami alamar ƙwayar a gwajin hancin wasu mutanen da ke hulɗa da kajin a Kano da Filato.

Za ku iya cewa ai duk wannan kun sani, me ya tayar da maganar yanzu? Abin da ya tayar da ita shi ne ƙwayar ta sauya hali. Da can mun san ta a jikin mai fiffike. A watan Maris na 2024 aka gano ta a jikin shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka, abin da masana ba su yi tsammani ba. Kafin a ankara ta shiga garke fiye da 1,000 a jihohi 17. Ƙwayar tana taruwa ne a hantsar saniya ta fito cikin madara, har kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar a gonakin suka yi ta mutuwa. Mutum kusan 70 suka kamu a can, yawancinsu ma'aikatan da ke tatsa da masu aikin kaji, kuma a watan Janairun 2025 aka sami mutuwar farko a jihar Louisiana, wani dattijo mai kiwon kaji a bayan gida. An same ta a jikin awaki a Minnesota, a jikin alade a Oregon, a jikin tunkiya a Ingila. Ƙasar da ke da kuɗi da ɗakunan gwaji irin Amurka sai da cutar ta yi watanni tana yawo a cikin shanunta kafin a gane. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ba na son in zuzuta abin fiye da yadda yake. Har yau ƙwayar nan ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar haɗarinta ga sauran jama'a a matsayin ƙarami. Amma daga 2003 zuwa yanzu an tabbatar da kamuwar mutum fiye da 900 a duniya, kusan rabinsu kuma sun mutu. A Masar kaɗai mutum 359 suka kamu, 120 suka rasu, da yawansu mata ne da yara masu kula da kajin gida irin namu. A Indunusiya cikin mutum 200 da suka kamu, 168 ba su tashi ba. Gaskiya ne lissafin ya fi kama waɗanda ciwon ya kai su asibiti, masu ɗan sauƙi sun sha ba a ƙirga su ba. Duk da haka, cutar da ke iya kashe matashi mai jini a jika cikin mako biyu ba abin wasa ba ce.

Babban tsoron masana ma ba a nan yake ba. Ƙwayar mura tana ɗauke da ƙwayoyin halittarta na gado ne a gutsure takwas. Idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, misali murar tsuntsu da murar mutum ta lokacin sanyi, sai su zama kamar fatake biyu da suka sauka a masauki ɗaya suka yi musayar kaya, gari ya waye a fito da wani irin da ba na wannan ba, ba na wancan ba. Idan sabon ya ɗauko zafin na tsuntsu ya haɗa da saurin yaɗuwar na mutum, an sami annoba. Haka ta faru a 1957 da 1968. Ta 2009 da ta fara bayyana a Meziko gauraye ce ta murar alade da ta tsuntsu da ta mutum. Ta 1918 kuwa, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta ci rayuka wajen miliyan 50 a duniya, ta shigo mana ta tashar jirgin ruwan Legas, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake har ta iso Arewa. Duk lokacin da ƙwayar tsuntsu ta shiga jikin mutum, an ba ta dama ɗaya ke nan ta gwada sa'arta. Aikinmu shi ne mu rage mata yawan damar.

To a ina take samun damar a jihar nan? Ina roƙon ku, ranku ya daɗe, wata rana ku ajiye jiniya da 'yan rakiya, ku shiga bayan rumfunan masu kaji a kowace kasuwa kuka ga dama, wajen da ake yanka da figa. Za ku tarar da rabin duro a kan murhu, ruwan ciki tun na safe ne, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, gashi na yawo a kai. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha huɗu yana tsugune, silifas ɗinsa ya nutse a caɓin jini da kashi. Ya tsoma kaza, ya ciro, ya fige, ya farke ciki da hannu, ya watsa hanjin a wani tsohon bokiti. Gumi ya gangaro masa ido, ya sa bayan hannun nan ya goge. Mai awara ta zo wucewa, ya saya ya ci a wurin, ruwan wanke hannun ma shi ne dai na duron. Kusa da shi keji ne a kan keji, kaji a sama, agwagi a ƙasa, zabi da tattabaru a gefe, na sama suna yi wa na ƙasa kashi a ka. Agwagwa kuwa takan ɗauki ƙwayar nan tana yawonta lafiya lau, ba tari ba kasala. Abin da bai saidu ba yau ya kwana a nan, ko dillali ya ɗaure shi a bayan babur ya nufi kasuwar Kumo ko Bajoga ko Dukku da shi. Idan cutar nan za ta shiga mutum a Gombe, wannan yaron ne ƙofarta, kuma sunansa ba ya cikin rajistar kowa.

Ƙofa ta biyu tana cikin gidajenmu. Kowace shekara da hunturu ya kama, kaji sukan yi ta zubewa a ƙauyuka, a ce ai farin kashi ne, ciwon da aka saba. Sau da yawa shi ɗin ne. Matsalar ita ce da ido ba mai iya rantsuwa ya raba shi da murar tsuntsaye, ko likitan dabbobi sai ya aika samfur ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Vom da ke jihar Filato. Kaza ta yi jugum, zankonta ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, sai ka ji uwar gida tana cewa maza a kira Malam ya kawo wuƙa kafin ta zama mushe. A yanka, ta fige a tsakar gida, yara su ɗauki kai da ƙafafu su gasa. Naman da ya dahu sosai ba shi da illa, zafin da ya kai digiri 70 yana kashe ƙwayar. Haɗarin yana wajen yanka da figa da gyaran ciki. Ni ban ga laifin matar nan ba. Kajin nan biyar ko goma su ne asusunta, da su take sayen sabulu da littafin yaro, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya gaya mata wani abu daban. Wannan aiki ne na limamai da fastoci da masu unguwanni. Malamanmu sun san ƙa'idar babu cuta babu cutarwa fiye da ni. A zauna da su, a nuna musu hujja, su da kansu za su faɗa a kan mumbari cewa kazar da ta kwanta tare da 'yan'uwanta a lokaci guda, binne ta ya fi yanka ta.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini rai, wato diyya.

Ku ɗauki mai gona da ke da kaji masu ƙwai dubu biyu, bashin banki ko na 'yan'uwa a wuyansa, abinci kuma ya yi tsadar da kowa ya sani. Ya shiga da safe ya tarar hamsin sun mutu, da la'asar ɗari. Lambobi biyu ne a wayarsa, ta likitan dabbobi da ta dillali. Idan ya kira likita, za a zo a killace gonar, a kashe sauran duka, a binne, a cika masa takarda, a ce ya jira. Idan ya kira dillali, kafin asuba mota ta kwashe su a rabin kuɗi, gobe suna hannun masu figa da masu gashi a garuruwa uku. Wa kuke jin zai kira? A 2006 naira 250 gwamnatin tarayya ta fara yanka wa kowace kaza, kuɗin da bai kai darajarta a kasuwa ba ko a wancan lokacin, sai daga baya aka gyara da tallafin Bankin Duniya. Bayan ɓarkewar 2015 kuwa masu gonaki a jihohi da dama sun daɗe suna kukan jiran haƙƙinsu. Labarin nan ya zaga, kowane mai kaji ya ji shi, kuma ya ɗauki darasinsa. Muddin faɗin gaskiya shi ne hanyar karyewar jari, ba za ku riƙa jin labarin ɓarkewar cuta ba sai bayan ta gama ratsa kasuwanni.

Na san za a ce diyya ta tarayya ce, musamman yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo tun 2024. Amma babu dokar da ta hana jiha ta ware asusunta na gaggawa, ta biya cikin makonni kaɗan a kan farashin da ya yi kusa da na kasuwa, daga baya ta bi Abuja bashi. Kuma a sa mai kaza goma a ciki, kada a tsaya ga masu rajista da ƙungiya. 

Ranka ya daɗe Kwamishinan Lafiya, naka ɓangaren ya fi araha. Tambaya ce guda biyu. Duk wanda ya zo asibiti ko ƙaramin ɗakin shan magani da zazzaɓi mai zafi da tari da sarƙewar numfashi, ko jan ido, a tambaye shi sana'arsa, a kuma tambaye shi ko kaji sun mutu a gidansu ko wurin aikinsa cikin kwana goma da suka wuce. A halin da ake ciki kowane zazzaɓi a wurinmu maleriya ne, in ya ƙi ji ya zama taifot, jan ido kuma afolo ne, a saya masa ɗigo a kemis. Alhali jan ido shi ne alamar da ta fi bayyana a jikin ma'aikatan gonar Amurka da suka kamu. Akwai maganin da ke taimakawa, oseltamivir, amma amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Wanda ya yi mako yana shan maganin maleriya kafin a tuna da kaji, lokaci ya riga ya ƙure masa. A ajiye maganin ko kaɗan ne a manyan asibitocin jihar, a kuma tabbatar jami'an sa-ido kan cututtuka na ƙananan hukumomi 11 suna da kayan ɗaukar samfur da kuɗin man da za su kai shi. Mun koyi wannan aikin a kan korona da zazzaɓin Lassa, kada a bari ilimin ya ruɓe.

Sannan duk ranar da likitan dabbobi ya rufe wata gona, a ranar ya kamata jami'in lafiya ya sani, ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa kajin, har mai kwashe kashi da direba da mai gadi, a riƙa leƙa su kwana goma. Masu aikin kashewa da binnewa su ma a ba su takalmin roba da safar hannu da takunkumi da abin kare ido. Na ga inda aka yi wannan aikin da ɗankwali ɗaure a hanci.

Game da kasuwa, don Allah kada wani ya ba ku shawarar rufewa da ƙarfin hukuma in ba dole ta kama ba. Ranar da kuka rufe, cinikin zai koma lunguna da zaurukan gidaje inda ba mai ganinsa. Hong Kong, inda cutar nan ta fara kashe mutane a 1997, mutum 6 cikin 18 da suka kamu, sun fara ne da ware ranakun hutun kasuwa don wankewa, daga baya a 2008 suka hana kaza mai rai kwana a rumfa. A Sin ma, lokacin da nau'in H7N9 ya ɓulla a 2013, wanda a ƙarshe ya kama mutum fiye da 1,500 ya kashe sama da 600, an ga yadda kamuwar mutane take faɗuwa da zarar an taɓa kasuwannin kaji masu rai. Abin lura a kan H7N9 shi ne da farko ba ta ma kwantar da kajin, sai dai a ga mutane suna faɗuwa. Mu abin da za mu iya shi ne a zauna da sarkin kasuwa da shugabannin masu kaji, a yi yarjejeniyar rana ɗaya a wata da za a kwashe komai a wanke a fesa magani. A daɓe wajen figa da siminti, a ja masa ruwa da magudana, a raba agwagi da kaji. Su kansu 'yan kasuwar za su so haka, don su ne ke asarar kaji a keji.

Akwai wasu ƙananan hanyoyi da ba a cika kula da su ba. Kiret ɗin ƙwai na takarda yana yawo daga gona zuwa gona tsakanin Jos da Bauchi da Gombe ba wanki. Kashin kaji ana cika buhuna da shi a sayar wa masu lambu, wasu masu turkar shanu ma suna haɗa shi a abinci, kuma ƙwayar takan daɗe a cikinsa, musamman da sanyi. Madatsar ruwan Dadin Kowa da ta Balanga suna karɓar tsuntsayen ruwa masu ƙaura, agwagin gida kuma suna wanka a gefe ɗaya da su. A kudancin jihar akwai gidajen da ake kiwon aladu kusa da kaji, kuma binciken da masanan Vom suka wallafa a 2018 ya nuna H5N1 ta taɓa shiga jikin aladu a Najeriya. Wannan ba zargin kowa ba ne, shawara ce ta a raba musu makwanci da wurin ci.

Shanu kuwa, ban ce namu sun kamu ba, kuma ina roƙon duk jami'in da zai yi magana a rediyo ya auna kalamansa. Kalma ɗaya ta ganganci za ta iya kashe kasuwar matan Fulani masu tallan nono a mako guda, kamar yadda cinikin ƙwai da kaji ya rushe a 2006. Ba mu manta da daren da aka tashi mutane wankan ruwan gishiri a 2014 saboda jita-jitar Ebola ba. Abin faɗa kaɗan ne: a tafasa madara kafin a sha, kamar yadda masu kindirmo suka saba tun asali, kuma makiyayin da ya ga nonon saniyarsa ya ragu farat ɗaya, ya yi kauri ya koma rawaya, ta daina cin abinci, ya sanar da malamin dabbobi. Su ma malaman a ƙara yawansu. Waɗanda muka yi aiki tare da yawa sun ajiye, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ƙauyuka da dama kuma sun manta rabon da su ga mai duba dabba na gwamnati.

Kafin hunturu mai zuwa, da kuma hada-hadar kajin Kirsimeti da na Sallah, ina roƙon ku fitar da lambar waya guda ɗaya ta ma'aikatunku biyu, kyauta, wadda za a ɗauka ko da tsakar dare ne. A yi ta shelarta a gidajen rediyon jihar da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja, a liƙa ta a kowace rumfar kaji. A faɗa a fili cewa wanda ya kira ba za a kama shi ba, ba za a ci shi tara ba, kuma a faɗi kwana nawa zai jira kafin kuɗinsa su shigo hannunsa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare mana jiharmu.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin dabbobi,
Gombe.